Ɗanyen Fure Ba Ya Jiran Lodi

Tun ina budurwa aka san ni da ƙafar yawo. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko tabarma aka shimfiɗa mini a gefe nake ɗosana jiki, kamar wadda ta baro tukunya a kan wuta. Da na fara fatauci sai halin ya sami abin yi: Kwatano, Dubai, daga baya Guangzhou, inda na daɗe ina kai da komo. In an yi mini gori sai in ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Da yawon nan na riƙe gida bayan rasuwar maigidana, da shi 'yata tilo ta yi karatu a hannun yayata, don haka ban taɓa jin kunyarsa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Furen roba nake sarowa, wanda a kasuwa muke ce wa fulawa. Rumfunan nan da ake yi wa amare a ɗakunan taro, da bangon furanni da 'yan mata ke tsayawa gabansa suna karkace baki ana ɗaukar su hoto, da yawa daga shagona suka fito. Furen roba kaya ne mai haƙuri. Ba ya jin rana, ba ya jin ƙishirwa, a danne shi a kwali ya yi wata da watanni a teku, a fito da shi a karkaɗe ya miƙe kamar ba a yi ba. In ya yi ƙura a wanke shi da sabulu, ya sake aurar da wata.

Ƙa'ida ɗaya gare ni a sana'ar nan, kuma kowa ya san ta daga Dengfeng, unguwar da fatakenmu ke sauka a Guangzhou, har sito: ba na cinikin biri a sama. Abin da ban buɗe na gani da idona ba, ba ya shiga kwantenata. An taɓa nuna mini samfurin ruwan hoda aka loda mini ruwan goro, na je Kano masu kwalliyar biki suka yi ta kallona kamar ni na rina shi. Amaryar Kano in ta ce ruwan hoda, to ankon ƙawayenta ke nan, kuma bango dole ya bi anko. Tun daga ranar, duk lodin da za a yi mini ina tsaye a bakin sito da reza a hannu, ina farke kwali ɗaya bayan ɗaya. Leburori su yi ta gunaguni da yarensu, ni ma in rama da nawa.

Shekarar da aka sa ranar auren 'yata na zo Guangzhou ne lokacin baje kolin bazara na Pazhou. Na kama ɗakin da na saba kamawa a Dengfeng, can ƙololuwar bene, babu lif. Lokacin ne garin yake yin wani irin gumi, bango ya yi ta naso, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba, sallaya kanta a jiƙe take. Kayan ɗakin yarinya tuni suka yi gaba, har an yi jere. Abin da ya kawo ni shi ne in haɗa kwantena ɗaya, in ga tashinta, in koma ana gobe ɗaurin aure. Wata la'asar na kira yarinyar na ce me ya rage, labule ne ko tukwane, ta faɗa tun ina nan.

"Umma, fure nake so."

Na tuntsire da dariya. "Ke da ɗakin ajiyar uwarki yake cike da shi har rufi? Je ki zaɓi wanda ya yi miki."

"Ba irin wannan ba. Ɗanye, mai ƙamshi, wanda zan riƙe ranar dina. Tun ina ƙarama nake shanshana na shagonki, Umma, warin kwali kawai nake ji."

Yarinyar nan ba mai roƙo ba ce. Sau nawa na ce ina nan tafe kafin salla ban zo ba, na ce zan zo bikin yaye su a makaranta lodi ya riƙe ni, amsarta ɗaya ce kullum: "Ba komai, Umma." Da wannan ba komai ɗin ta girma, har yakan ba ni haushi, in ce da ma ta yi mini rashin kunya sau ɗaya in huta. Yau ta buɗe baki ta nemi abu guda. Na san in aka aika Abuja ko Legas ba za a rasa ba, amma ba aike ta ce a yi mata ba, ni ta tambaya. Na ce ruwan me, ta ce ruwan hoda mai haske, na ce ta ɗauka an gama.

Washegari na sauka wurin ejan ɗina, wanda ya yi shekaru yana yi mini takardun jirgin ruwa. Mutumin zangon Kumasi ne, da Hausarsu da ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Hajiya, kai ma ka sani, ɗanyen fulawa ba shi shiga kontena. In ya yi wata a ruwa, sai ka buɗe ka ga miya."

"Alhaji, wa ya yi maka zancen kwantena? A hannuna zan riƙe shi."

"To, akwai kasuwa nasu can bayan ruwa. Ka tafi da safe, in rana ya fito ka yi latti."

Ya rubuta mini sunan wurin da rubutunsu a waya don in nuna wa mai tasi.

Duk daɗewata ina zuwa garin nan ban taɓa tsallaka kogin don wannan kasuwa ba. Ina saukowa daga tasi sanyi da ƙamshi suka tare ni lokaci guda. Rumfuna ne dogaye irin na 'yan gwari, sai dai maimakon tumatur da attaruhu fure ne iya ganinka. Ƙasa a jiƙe, ganye ko'ina, manyan motoci masu firji suna juye dogayen kwalaye, masu kura suna gudu suna danna ƙararrawa, ba mai ce maka gafara. Na san saurin kasuwa, amma wannan daban ne. A namu mai kaya ne a zaune, mai saye ke gaggawa. A nan masu kayan ne suke ta duban agogo, ban kuma tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Na fara tsayawa kan wasu farare da rawaya masu kauri, sun cika rumfa guda ana ta ɗibarsu. Na ce waɗannan da ganinsu za su yi juriya. Mai rumfar wata gajerar mata ce da takalmin ruwa har gwiwa, almakashi na rataye a ƙugunta. Na nuna mata hoton 'yata da angonta a waya, na nuna damin da na ɗauka. Matar nan ta zaro ido, ta fizge shi daga hannuna, ta rufe ido ta kwantar da kai a kafaɗa kamar gawa. Ashe furen kai wa kabari ne, lokacin ziyarar kaburburansu ya zo. Na ce a'uzubillahi, Allah ya tsare.

Ta kama hannuna tana cewa Mama, Mama, ta ja ni cikin wani ɗaki mai sanyi kamar firji. Nan ta ajiye furen wardi dami-dami. Kowane kai a dunƙule kamar ƙwan zabo, an sa masa wata 'yar farar raga ta matse shi, launin ma sai ka ƙura ido kake ganin alamarsa a baki.

"Lawban, buɗe in gani," na ce da Turancin kasuwa, ina kwatanta mata da hannu, don lawban ake ce wa mai shago da yarensu.

"Meyo."

Wato babu. To ni za a ce wa in biya kuɗin abin da yake rufe? Ina juyawa zan fita sai idona ya faɗa kan wani bokiti a bayan ƙofa. Manyan wardi ne a buɗe wangale, kowanne ya cika tafin hannuna, ruwan hodan da yarinyar ta faɗa sak, ga ƙamshi har cikin kai. Na nuna su. Matar ta shiga kaɗa hannu, meyo, meyo. Na san irin wannan meyo ɗin, ko an ajiye wa wani babban kwastoma ne, ko ana so a ja mini rai a ƙara kuɗi. Nan fa halina ya motsa. Na rungume bokitin, na ce ko dai waɗannan ko in tafi rumfar gaba, ai ba ita kaɗai ke sayar da fure a ƙasar Sin ba. Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa, ta danna wani ɗan kuɗi a kalkuleta wanda ko tayi ban yi ba. Na fito ina taƙama, ina cewa gobe ma ta ƙara ɓoye wa Bakanuwa kaya.

Da sauran kusan mako kafin tafiyata, amma mu ba ma barin sayayya sai ranar tafiya. Kaya sai ya kwana a ɗaki, an gan shi, an auna shi, sannan hankali yake kwanciya. Na zuba ruwa a bokitin wankina na tsoma su, na ajiye ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, na ɗauki hoto na tura wa amarya. Ta turo mini murya tana ihu, ƙawayenta suna taya ta. Rabon da in ji ta yi irin wannan ihun tun tana 'yar firamare.

A makon ne kuma masana'antar da na ba aikin furen robana ta fara yi mini wasa da hankali. In na kira sai a ce mintiyan, wato gobe. Goben ta zo a ce injin rini ne ya tsaya, mintiyan. Jirgin ruwan da ejan ya kama mini gurbi a cikinsa yana tashar Nansha yana cika, ba zai jira kowa ba, kuma in ya wuce kayan ba za su riski lokacin bukukuwa a gida ba. Na kasa zama. In hau bene in sauko, in je sito in dubi wurin da babu komai, in dawo in zauna a gidan abincin 'yan Nijar a kawo tuwo in bar rabi. In tsaya kan gadar masu tafiya a ƙasa ta Xiaobei ina kallon motoci, in tuna wani abu da ban san ko mene ne ba, in sake hawa benen. Masu canjin kuɗi na bakin layi har sun daina yi mini tayi, sun gane ba ciniki ke fito da ni ba.

Ana haka furen ya fara sunkuyar da kai. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Na wayi gari gefen ganyen ya yi launin shayi. Wata safiya na idar da salla, na waiwaya, sai na ga ƙasan bokitin ya yi ja-ja da ganyen fure, saura 'yan tsiraru a kan kara. Na taɓa ɗaya da ɗan yatsa ya zube gaba ɗaya a cinyata. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin ba, don hoton nan da na riga na tura.

Na tattara karan a leda na koma kasuwar da niyyar faɗa. Na zube su a kan teburinta na fara, Hausa da Turanci da ɗan yarensu da na sani, duk na haɗa. Matar ta bar ni na gama, tana ta yanke gindin wasu furanni da almakashinta. Sannan ta goge hannu a gaban rigarta, ta ɗauko waya tana magana a ciki, wayar tana juya mini da Turanci. Ta ce ai ta hana ni. Waɗancan sun riga sun tsufa, na zubarwa ne, shi ya sa suke bayan ƙofa. Fure tun daga ranar da aka yanke shi ya kama hanyar mutuwa, duk aikinsu a kasuwar nan shi ne su rage masa sauri. Ana yanke shi a rufe, a sa shi cikin sanyi ya yi barci, a barcin ake tafiya da shi mota da jirgin sama, sai ya isa hannun mai shi ake barinsa ya farka. Wanda ya buɗe a kasuwa ya riga ya cinye kwanakinsa a hanya.

Na ce wace hanya, ba nan ƙasarku ake shuka shi ba? Ta ce yawancin nata daga tsaunukan Yunnan suke zuwa, amma manyan nan da na rungume ba nasu ba ne. Ta shiga baya ta jawo wani dogon kwali da aka yar, ta nuna mini rubutun jikinsa. Kenya. Na karanta na sake karantawa. Wato a Afirka aka shuka shi, aka ɗora shi a jirgi ya keto duniya, ni kuma na taso daga Afirka na zo na yi rigima a kansa don in mayar da shi. Na rasa dariya zan yi ko ashar. Na zauna kan wani bokiti da aka kife, karo na farko da na zauna da gaske a makon nan, na ce oh ni 'yar nan, rashin sani ya fi dare duhu.

Ta tambaye ni yaushe ne bikin, yaushe jirgina, ƙasarmu da zafi ko da sanyi. Na ce zafin da za ki soya ƙwai a kan mota. Ta yi lissafi da yatsu, ta ce in zo ranar tafiyata da safe, za ta ware mini daga motar da ta sauka a ranar, mafi matsewar baki. Na ce to launin fa, ta yaya zan tabbatar? Ta ce sai dai in yarda. Na ce ni ban saba ba. Ta ɗaga kafaɗa irin na ranar farko, ta koma kan almakashinta. Na tsaya ina hararar bayanta, sannan na ce to, na ji.

Masana'antar kuwa ta tsayar da magana a ƙarshe: kayan za su iso sito bayan tashina da kwana biyu. Ejan ya ce in bar masa ya loda. Na ce Alhaji, ko mahaifina ne ya dawo duniya ba zai loda mini kwalin da ban farke ba. Na yanke cewa kayan su zauna a sito har in dawo bayan biki, jirgin ruwan ya tafi abinsa. Asara ce babba, amma bikin 'yata ba abin da za a yi ba ni ba ne.

Ranar tafiya na je da sassafe. Matar ta riga ta haɗa. Ta naɗe gindin kowane dami da auduga mai ruwa da leda, ta jera su a dogon kwali kai da ƙafa, ta cusa robobin ƙanƙara a gefe, ta huda ƙananan ramuka don iska. Ta yi mini kashedi da hannu: kada a kwantar da wani abu a kai, kada a bar shi a rana, kada in buɗe ina leƙe. Wannan na ƙarshen ta maimaita shi, don ta riga ta karanci halina. Na ce shishe, lawban, wato na gode. Ta dafa kwalin ta faɗi wata magana da wayar ba ta juya ba, ina jin dai addu'arsu ce ta aure.

Da la'asar ina ɗaure jakata yayata ta kira. Daga sallamarta na san ba lafiya ba. Mahaifin ango ne ya faɗi bayan sallar asuba, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An ɗaga biki sai bayan sadakar arba'in. Na yi salati, na yi wa mamacin addu'a, mutumin kirki ne. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado, ga jaka a ɗaure, ga kwalin fure a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Na sauka na gaya wa ejan. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya gyara zama.

"Hajiya, Allah shi jiƙan shi. Amma ka duba, yanzu ka samu lokaci. Ka canja tikiti, jibi kaya zai zo, ka buɗe kwali naka da hannunka, mu kai Nansha kafin jirgi ya rufe. Fulawa kuma, in biki ya zo ka saye sabo."

Ba abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Zuciyar fatauci ta ce mini abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Har na ciro waya zan nemi mai sayar mini da tikiti, sai na ce bari in fara jin muryar yarinyar.

Ta ɗauka a bugu na farko, kamar wayar tana hannunta.

"Kin ji abin da ya faru, Umma."

"Na ji. Sai haƙuri, haka Allah ya tsara. Ga shi kayana ma ba su iso ba, ina tunanin ko..."

"Ba komai, Umma. Ki tsaya ki gama lodin."

Na kasa kunne. Jiya da na kira gidan nan ba na jin maganarta saboda guɗa da hayaniyar 'yan biki. Yau ko motsin cokali babu.

"Wa ke wurinki?"

"Duk sun tafi gidan gaisuwa. An ce ni in zauna."

"An yi miki lallen?"

"Tun jiya. Ya kama sosai."

Nan ne abin ya soke ni. Na gan ta zaune ita kaɗai a ɗaki, hannu da ƙafa sun sha lalle, babu inda za ta je da shi. Kuma na san garinmu. Amaryar da aka yi rasuwa a gidan mijinta ana gab da kai ta, ba a rasa bakin da zai ce farar ƙafa gare ta, ita ta jawo musu. Camfi ne, malamai sun gaji da hana shi, amma a tsakar gidan makoki ake raɗa shi, kuma kafin magariba zai zagayo kunnenta. Yayata mace ce mai sanyi, in aka faɗa a gabanta sai dai ta sunkuyar da kai. Irin wannan magana bakina take buƙata. Tsoro ya kama ni, da tausayi, da wani haushi da ban san a kan wa zan sauke shi ba.

"Ki sa a wanke babban bokitin nan," na ce mata. "Gobe zan iso."

Na buɗe jakar hannuna na ciro rezar da nake farke kwali da ita, na ajiye a kan teburin ejan.

"Alhaji, in kaya sun zo ka loda."

"Hajiya, kai ne kuwa? In sun sa ruwan goro fa?"

"In sun sa ruwan kwata ma ka loda."

Kafin in sauko da jakata labari ya zaga layi cewa Hajiya mai fulawa za ta gida. A Dengfeng ba a tafiya hannu rabbana, kowa da sallahunsa: wannan wayoyi biyu a kai wa ƙaninsa a kasuwa, wancan maganin ƙafa na tsohuwarsa, wata takalman yara. Ban taɓa ƙin karɓar sallahu ba, don ni ma da shi nake aike. Abin da ya shiga babbar jaka na karɓa. Da wani ya ɗora ƙunshinsa a kan dogon kwalin yana cewa ai wannan ba nauyi, na daka masa tsawar da sai da mai shagon waya ya leƙo. Har yau mutumin nan gaisuwarmu sama-sama ce.

A cinyata kwalin ya yi tafiyar tasi. Duk inda ma'aikata suka ce in buɗe na buɗe, na mayar na rufe da sauri kada ɗumi ya tashe su. Da muka sauka canjin jirgi a Addis Ababa da safe, ina tsaye jikin gilashi don na kasa zama, sai na hango ana tura dogayen kwalaye irin nawa, tuli guda, zuwa cikin wani jirgin kaya. Wani ma'aikaci ya ce mini fure ne, Turai za shi. Na dubi nawa guda ɗaya da na ɗauko tun daga Sin, na ce kai dai ka yi ta barcinka, kada ka ji abin kunya.

Zafin Kano ya tare mu tun daga matakalar jirgi. Na hana direba kashe na'urar sanyi, na hana shi tsayawa shan mai. Na tarar da gidan shiru, rumfar da aka kafa a ƙofar gida an fara kwance ta. 'Yata tana ɗaki a kan darduma, ta sa hijabi har ƙasa ta ɓoye hannuwan. Ba ta taso da gudu ba, ta dai ce sannu da zuwa, Umma, kamar daga unguwa na dawo.

Na ajiye kwalin a gabanta na ce ta buɗe, ni ban san abin da ke ciki ba. Ta fito da hannuwan nan masu lalle ta ɗaga murfin. Ƙanƙarar ta narke, kuma zafin hanya ya fara aikinsa, bakin kowanne ya ɗan saki. Ta zare wa ɗaya ragar, ya buɗe kaɗan a hannunta muna kallo. Ruwan hoda ne mai haske. Ta kai shi hanci, ta ja numfashi. Ta kifa fuska a cikin kwalin ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, ni kuma na riƙe ta, ban ce mata ta yi shiru ba.

Da ta lafa muka jera su a bokiti. Tana gyara su ba ta dube ni ba ta ce, "Yaushe za ki koma?"

"Sai furen nan ya gama zuba," na ce, don na san abin da ya rage masa bai fi mako ba.

Na je gaisuwa, na kuma zauna a tsakar gidan makokin inda kowa zai gan ni. Mace ɗaya ce ta fara wata magana mai kama da hannunka mai sanda, na juya na dube ta, ta ƙarasa da salati. Sauran kwanakin a ɗakin 'yata na yi su. Furen ya buɗe gaba ɗaya, ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta suna aiko yara su gani. Kullum da safe takan canja ruwan, ta yanke gindin karan da wuƙa. Sannan ya fara zuba, yau biyu, gobe biyar, tana tsince ganyen tana shanyawa a faifai wai za ta haɗa da turaren wutarta. Ejan ya aiko cewa kwantena ta tashi. Ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na fara leƙa farashin tikiti a ɓoye.

Wata safiya na shiga ɗakin tana wanka. Bokitin duk kara ne tsirara, sai guda ɗaya a tsakiya, a buɗe, tsaye ƙyam, ko ganye ɗaya bai yar ba. Daga bakin ƙofa na gane shi, na roba ne. Ni na saro shi da hannuna, na san masana'antar, na san har kwalin da ya zo a ciki. Ta je ɗakin ajiyata ta zaɓo ruwan hoda mai haske, ta tsoma shi a ruwa tare da sauran.

Ta fito tana goge fuska, ta gan ni tsaye a kan bokitin, ta tsaya cak.

"Saura ɗaya, Umma," ta ce a hankali.

Na cire mayafina na rataye a ƙofa, na zauna a tsakiyar dardumar.

"Na gani," na ce. "Wannan da alama zai daɗe. Miƙo wuƙar in yanke masa gindi."